Mai Ƙyalle da Takunsa Talatin da Ɗaya

Gyara zama ki rubuta, kuma kada ki gyara mini magana. Yadda ta fito daga bakina haka za ki sa ta. Takardar da kamfani ya manna a bango cewa ta yi wai maigadi ne ya bar bakin aikinsa ya shiga inda ba a aike shi ba. Layi biyu, sun gama da mutum. To yau mu ma za mu yi tamu takardar, kuma sai ta fi tasu tsawo.

Maigadin da suke faɗa yayan kakarki ne. Ke kin tashi kin gan shi makaho, yana zaune bakin ƙofa da rediyo a cinya, yana korar ku da sanda in kun cika masa kunne. Ba haka aka haife shi ba. Shekara talatin da huɗu ya yi a gidan ƙanƙara, kuma duk wanda ya taɓa cin abinci a gidan nan Mai Ƙyalle yake ce masa.

Yana saurayi ya shiga, ɗan dako. Ƙanƙara ce dogaye kamar turmin ƙarfe, a shimfiɗa buhu a kafaɗa, a saɓa, a kai mota. Masu kifi, masu nama, masu sayar da ruwan sanyi, tun safe suna layi suna zagin juna. Can ciki kuwa akwai ɗakin injin. Wani ƙaton tafki ne na ruwan gishiri, ana jera gwangwanayen ƙarfe cike da ruwa a cikinsa har su daskare, ga injin a gefe yana gurnani, ga bututai sun bi bango kamar jijiyoyi. Abin da ke yawo cikin bututan nan gas ne, amoniya. Muddin yana ciki, bawanka ne, yi maka sanyi kawai yake. Ranar da ya fito kuwa, sai ta Allah. Warinsa kamar fitsarin da ya kwana bakwai, amma ba warin ne abin tsoro ba. Ido yake fara kamawa. Kafin ka yi wata-wata idonka ya rufe kansa da kansa, hawaye na zuba, maƙogwaro ya shaƙe. In ka yi taurin kai ka buɗe ido a cikinsa, dafa maka shi zai yi.

Wanda ke riƙe da injin a lokacin wani dattijo ne, Baban Injin. Shekarar Mai Ƙyalle ta uku a gidan, bututu ya fashe. Baban Injin ya yi ta maza, ya rufe bawul ɗin da ke tsayar da gas, ya juyo zai fita. Ɗakin da ya yi shekara ashirin yana shiga yana fita, ranar nan ya rasa ƙofa. Ya buɗe ido yana nema. Da aka samu aka shiga, rungume da ginshiƙi aka same shi, tsakaninsa da ƙofa bai fi taku biyar ba. Ya rayu, amma idanun sun koma fari fat.

Bayan wata uku sai ga shi, 'yarsa ta riƙo masa hannu. Ya ce wa mai gidan ƙanƙarar, “Ba roƙo na zo ba. Ina yaron nan ɗan dako mai taurin kai? A kira mini shi.”

Aka kira shi. Baban Injin ya zaro wani baƙin ƙyalle daga aljihu, ya lalubi kansa, ya ɗaure masa ido tam. Ya ce, “Kana gaban injin. Gas ya fito. Ja numfashi ɗaya ka riƙe. Tafi ƙofar baya.”

Ya tafi, ya gwara goshi da bututu. Ya sake, ya kusa faɗawa tafki. Sau goma sha ɗaya ya yi kafin ya kai ƙofa da numfashi ɗaya. Baban Injin ya ce, “Taku nawa?”

“Talatin da ɗaya.”

“To riƙe shi kamar sunan uwarka. Ƙyallen nan kuma naka ne daga yau. Duk wanda aka ɗauka aiki a gidan nan, ko shara zai yi, kafin ya taɓa tsintsiya ka ɗaure masa ido. Ka yi mini alkawari ni ne makaho na ƙarshe da ɗakin nan zai yi.”

Ya yi masa alkawari. Ja layi a ƙarƙashin wannan, domin duk sauran maganar a kansa take.

Ga yadda hanyar take. Ka juya wa injin baya, ka sa hannun hagu a bango, ka bi shi har ka taɓa ginshiƙi. Daga ginshiƙi ka saki bango, ka ratsa fili. Filin nan shi ne wurin wuya, domin babu abin dafawa, ƙafarka kawai da lissafinka. In ka ratsa daidai sai hannunka ya faɗa kan ƙarfen da ya kewaye tafki. Ka bi ƙarfen, ka sauka matakala uku, ka tura ƙofa da kafaɗa. Ka fita, ka sha iska.

Ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci, duk gidan taruwa ake yi, rabin yini ba a loda wa kowa ƙanƙara. Sabo ya tsaya a tsakiya, tsofaffi sun jeru suna masa tsiya.

“Malam, ka bar wasiyya?”

“Wannan da ganin ƙafarsa sai ya yi sittin.”

“Ku matsa, ango zai wuce!”

Kowa da lissafinsa, domin ƙafa ba ɗaya ba ce, kuma lissafin nan shi yakan zame wa mutum suna. Akwai Arba'in, matar da ke shara, 'yar gajera mai baki kamar reza. Akwai wani akawu da tsoro ya sa ya dinga jan ƙafa, har ya yi ritaya Hamsin-da-Biyu ake ce masa, matarsa ma haka take kiransa in ta so tsokana. Akwai Dogo, wanda Mai Ƙyalle ya fara ɗaure wa ido da hannunsa, shi ashirin da shida yake yi, kuma da gudu, yana alfahari babu mai kamo shi.

Tsakanin tafiya da tafiya kuwa, sabo na zaune yana haki, kowa sai ya jefa masa nasa. Dogo ya ja shi ya nuna masa bututun da in ya fara gumi a gwiwa a kira mutum. Arba'in ta ce kada ya yarda ya tsaya a jiƙaƙƙen katakon bakin tafki. Mai Ƙyalle ya sa shi ya kasa kunne: wannan kukan injin na lafiya ne, wancan na ciwo ne. Wani tsoho ya ce a'a, ai tun da aka canza bel ɗin da ke juya injin kukan ya canza, sai gardama ta kaure, a je gaban injin a saurara tare har a daidaita. Kafin azahar, abin da mutum goma suka tara a shekaru an zuba wa mutum ɗaya a ka, su ma tsofaffin sun gyara nasu.

Sannan ga wani abu, ki rubuta shi da kyau, don su kansu ba su san darajarsa ba sai da aka makara. Ba a taɓa ɗaure wa sabo ido ba tare da an tsinci wani abu a hanya ba. Bokiti, tiyo, baro, buhun gishiri. Sabo ya yi tuntuɓe, a sheƙe da dariya, sannan Mai Ƙyalle ya juyo fuska a murtuke ya ce, “Uban wa ya ajiye wannan?” Mai laifi ya ɗauke kayansa, shi ma a ɗaure masa ido ya bi hanyar don ladabi. Mai ido kewaye abu yake yi bai ma san ya kewaye ba. Ƙafar da aka rufe wa ido ita ke faɗar gaskiya.

Kada ki ɗauka waliyyi nake ba ki labari. Mutumin nan yana da zafin rai da riƙo. Ni da nake mijin ƙanwarsa, wata bakwai ya yi bai amsa gaisuwata ba a kan aron keke. Matarsa kullum ƙorafi take, wai ko banɗaki zai je a gida sai ya rufe ido yana ƙirga, 'ya'yansa huɗu duk ya ɗaure musu ido daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Ita ce kuma ke yi wa ƙyallen dajiya in ya fara zarewa, tana ɗinki tana mita. Amma a shekara talatin bututu ya fashe sau biyu, sau biyun kowa ya fita da idonsa. Ya cika alkawari, ya cika.

Sai mai gidan ya tsufa, 'ya'yansa suka sayar wa wani kamfani. Kamfani ya aiko manaja, wani mai sheƙi, takalminsa ba ya son ruwa. Kana masa magana yana duban tsintsiyar hannu, shi ya sa aka sa masa Mai Agogo. Satinsa na biyu aka ɗauki sabon direba, aka taru kamar kullum. Ya fito daga ofis ya ga motoci a layi, ma'aikata na tafi, ga ƙato da ƙyalle a fuska yana lalube.

“Wannan wane irin shirme ne? Wa ya ce a tsayar da lodi?”

Mai Ƙyalle ya ce, “Ranka ya daɗe, hanya muke nuna masa.”

“Da ido a rufe ake nuna wa mutum hanya?”

“Ranar da zai buƙace ta, ranka ya daɗe, a rufe idon zai kasance.”

“Dattijo, wannan cin mutuncin ma'aikaci ne. In ya faɗi ya karye, kai za a kama ko ni? Rabin yini kun ƙone mini a kan wasan yara. Daga yau na soke.”

“Ba ka ji dalili ba.”

“Na ji. Akwai yadda ake yi a ko'ina, haka za mu yi a nan.”

Yadda ake yi a ko'ina ɗin, kin san mene ne? Aka zana taswira aka manna a bango, da jar kibiya tana nuna ƙofa. Aka rataya koriyar fitila a saman ƙofar. Sabo ya zo, a kai shi ofis, a karanta masa takarda minti goma, ya sa hannu, ya kama aiki. Taswira! Fitila! Wa mutumin da idonsa ke ƙuna! Ni ban yi boko ba, amma ko akuya aka gaya wa wannan sai ta girgiza kai. Kuma ba hanyar kaɗai aka kashe ba. Taron aka kashe. Sabo ya daina jin ta bakin Dogo, ya daina jin ta bakin Arba'in. Aka fara samun mutane a gidan da ba su da lissafi, ba su da suna, tsofaffi na ce musu “kai, wane,” su kuma suna ce wa tsofaffi “mutanen da.”

Mai Ƙyalle ya haɗiye, ya haɗiye, wata huɗu. Sai aka ɗauki wani magidanci mai 'ya'ya uku, aka sa shi ɗakin injin kai tsaye, ranar farko. Wannan kam ya kasa haɗiyewa. Lokacin cin abincin rana ya ja shi gefe, ya zaro ƙyalle, ya ɗaure masa ido, ya sa masa hannu a bango. Mutumin ya bi bango lafiya har ginshiƙi. Yana taɓa ginshiƙi sai ga ƙarar takalmi.

“Cire masa wannan tsumman.”

“Ranka ya daɗe, bari ya ƙarasa. Fili kawai ya rage.”

“Na ce cire.”

Aka cire. Tun daga ranar ake ce wa mutumin Rabin-Hanya. Shi kuwa Mai Ƙyalle, washegari aka ba shi takarda: an ɗauke shi daga injin, an mai da shi bakin get, gadi. Mutumin da ko tari injin ya yi ya san abin da ke damunsa, aka ba shi kujera da littafin rubuta lambar mota, shi da ba ya rubutu sai ya roƙi direbobi su rubuta da kansu.

A nan ne shi ma ya yi nasa laifin, kuma zan faɗa ko kakarki za ta ji haushi. Ya yi rantsuwa ƙafarsa ba za ta sake taka ɗakin injin ba. Dogo ya zo get ya same shi.

“Baba, ka dinga leƙowa mana ko da hutun rana ne.”

“Na leƙo in yi me? Kuna da taswira.”

“Haba Baba, fushi da mu kake ko da shi?”

“Ranar da ya ce a cire, wa ya buɗe baki a cikinku? Kai da dogon wuyanka, ina ka sa shi? Tafi ka ba ni wuri.”

Dogo ya juya ya tafi. Shekara biyu da wata biyar Mai Ƙyalle na zaune a get, ƙyallen na ninke a aljihun gaba, ɗakin injin na bayansa taku kaɗan, bai waiwaya ba. Kullum in ya zo wurina sai ya ce, “Tsofaffin dai sun san hanya. Sababbin ne abin tausayi.” Haka kowa ke gani. Duk tsoronmu a kan sababbi yake.

A cikin shekarun nan Mai Agogo ya ga fili a tsakiyar ɗakin injin, ya ce ɓarnar wuri ce. Ya sa aka ƙera doguwar kanta ta ƙarfe, tsayinta ya kai ƙirji, aka ɗaure ta da noti a ƙasa, aka jera gwangwanayen ajiya a kai. Daidai tsakanin ginshiƙi da tafki. Dogo da hannunsa ya taya ɗaure notin. Arba'in kullum tana share ƙarƙashinta. Sau ashirin a yini suna kewaye ta da ido a buɗe, babu wanda ransa ya ba shi komai. Ba wanda ya je get ya faɗa, don ba wanda ya ga abin faɗa. Da ana ɗaure wa sabo ido, a satin farko wani zai gwara ƙirji da ita, a yi dariya, a ce uban wa ya ajiye wannan. Amma mutum tara aka ɗauka a tsakanin nan, tara duk a ofis suka sa hannu.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce, zafi kamar zai narka kwalta, injin na aiki tun asuba ba hutu. Mai Ƙyalle na get sai ya ji ƙara, fau, sannan wani dogon huci. Kafin warin ya iso ya riga ya miƙe. Mutum huɗu ne a ciki: Dogo, Rabin-Hanya, da sababbi biyu masu jan gwangwani.

Ya zagaya da gudu zuwa ƙofar baya, ya tsaya yana ƙirga a zuci, yana jiran Dogo ya fara fitowa, don ya san ashirin da shida ba ta ɗaukar lokaci. Ƙofa ta buɗe. Ba Dogo ba ne. Rabin-Hanya ne a kan gwiwa, ido a rufe, sababbin biyu na riƙe da rigarsa kamar 'yan kaji. Kin ga shi ya san bango har ginshiƙi, daga nan bai san komai ba, kuma ya san bai sani ba. Sai ya durƙusa ya rarrafa yana lalube, hannunsa ya taɓa ƙafar kanta, ya kewaye ta, ya sami ƙarfen tafki. Rashin sani ne ya fitar da shi.

Mai Ƙyalle ya shaƙo kwalarsa. “Ina Dogo?”

Cikin tari ya ce, “Ya rufe bawul… na ji ya taho da gudu… na ji ƙara.”

Mai Agogo na can nesa da hankici a hanci yana ihu kada kowa ya shiga, an kira 'yan kwana-kwana. Mai Ƙyalle ko kallonsa bai yi ba. Ya zaro ƙyallen, ya tsoma a durom ɗin ruwa, ya ɗaure hanci da baki, ya ja numfashi, ya runtse ido, ya shiga. Hanyar ce a juye, ya san ta kamar cikin bakinsa. Matakala uku, ya hau. Ƙarfen tafki, ya bi. Ya saki ƙarfe ya shiga fili da cikakken taku, mutumin da ya ratsa filin nan ya fi sau dubu. Taku na huɗu ƙarfe ya doke shi a ƙirji, gwangwanaye suka zubo masa a ka, rabin numfashin da ya riƙe ya fita.

Ya gaya mini daga baya, ya ce a lokacin ba zafin ya ji ba, mamaki ya ji. Kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an gina bango a tsakiya. Ya lallaba ya bi kantar da hannu har ƙarshenta, ya zagaya, ƙafarsa ta taka mutum. Dogo ne kwance, goshi a fashe. Ya taho da gudunsa na ashirin da shida, da dukkan yardarsa, ya haɗu da abin da shi da kansa ya ɗaure wa noti.

Mai Ƙyalle ya kama shi ta hammata ya fara ja da baya. To ja da baya, da nauyin ƙato, da zagaye kanta, da gwangwanaye na birgima ƙarƙashin ƙafa, lissafi ya watse. Bai san ina tafki yake ba, ina ƙofa. In ya ja ba daidai ba, su biyun cikin ruwan gishiri za su faɗa. Numfashi ya ƙare. Ya san abin da buɗe ido ke yi, shi ya fi kowa sani a duniyar nan, shekara talatin yana hana mutane. Ya buɗe. Ya ga ƙarfen tafki a damansa. Ya riƙe idon a buɗe har ya kai Dogo matakala, don kada ya sake ɓata.

Wannan ƙarfen shi ne abu na ƙarshe da ya gani sosai. Ido ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ɗayan ya rage yana rarrabe rana da inuwa. Dogo ya rayu da idonsa, sai dai ƙirji ya lalace, har yau in ya hau matakala sai ya zauna.

Kwana goma bayan nan aka manna takardar da na gaya miki. Maigadi ya bar bakin aikinsa. Ba a ambaci kanta ba. Kantar ma cikin kwana biyu aka kwance ta, aka toshe ramukan notin da siminti, aka shafa fenti. Mai Agogo kuwa ba a kore shi ba, wani babban reshe aka mai da shi. Ya aiko da kwalin lemo asibiti. Kwalin lemo! Kakarki ta ɗauka ta ajiye a bakin bola, ko almakashi ba ta sa masa ba. Har yanzu ban manta da kwalin nan ba.

Na je na zauna kusa da gadonsa ina zagin manaja, tun daga agogonsa har takalminsa. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, “Ka gama?”

Na ce ban gama ba.

Ya ce, “Shi bai yi wa kowa alkawari ba. Ni na yi. Shekara biyu ina zaune taku kaɗan daga ɗakin nan ina lasar fushina. Da sau ɗaya na shiga na rufe ido na taka, da na ci karo da ita.”

Na ce, “Ai shi ya hana.”

Ya ce, “Ya hana in ɗaure wa sabo. Ya hana in ɗaure wa kaina?”

Har yau ina jin haushin su biyun, amma ba daidai ba. Shi ya biya nasa da ido. Wancan da me ya biya?

Bayan wata biyar, ran nan muna zaune ƙofar gida sai ga Rabin-Hanya, ya zo ya durƙusa.

“Baba, na zo a ƙarasa mini.”

“A ƙarasa maka me? Kai da ka fi mu wayo, ka fita da rarrafe.”

“Baba, 'ya'yana a makaranta Rabin-Hanya ake tsokanarsu da shi. Kuma an ɗauki sababbi uku. Mun ce wa sabon manajan ko a bar mu mu yi, ko ya nemi wanda zai shiga ɗakin injin, don mu goma sha huɗu mun ce ba za mu shiga ba. Arba'in ce ta yi maganar, ka san bakinta. Ya ce mu yi, amma kada ya wuce awa biyu.”

Mai Ƙyalle ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, “Riƙo mini hannu.”

Ni na bi su. Yadda aka kawo Baban Injin haka aka kai shi, sai dai wannan karon ba wanda ya yi tsiya, ba wanda ya yi dariya. Ya tsaya gaban injin ya saurara, ya ce bel ɗin hagu ya yi sako-sako, aka duba aka tarar haka ne. Sababbin uku suka matso. Ya ce, “Ba ku ba tukuna. Tsofaffi su fara. Arba'in, zo nan.”

“Ni? Shekarata ashirin da biyu a gidan nan!”

“Shi ya sa.”

Ya ɗaure mata. Ta tafi tana mita, ta yi tuntuɓe da tiyo a bakin tafki, ta ɗura wa mai tiyon ashar, sai a lokacin dariya ta dawo ɗakin. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffi suka bi, sannan Rabin-Hanya. Sau shida ya yi kafin ya kai da numfashi ɗaya. Talatin da huɗu. Mai Ƙyalle ya lalubi hannunsa ya danƙa masa ƙyallen, ya ce, “Duk ranar da sabo ya zo, tsoho ɗaya ya riga shi bi. In an hana ka, ka ɗaure wa kanka. Ni ba zan ce ka yi mini alkawari ba, na ga yadda nawa ya ƙare. Ka dai yi.”

Daga nan ya ce a kai shi gaban injin, a sake shi. Ba ya buƙatar ƙyalle. Ya sa hannu a bango, ya kai ginshiƙi, ya ratsa fili, ya sauka matakala, ya tura ƙofa. Muka ce nawa? Ya ce talatin da bakwai, ƙafa ta tsufa, a manta da tsohon lissafi.

Shekara shida ya yi bayan nan, watan jiya muka kai shi makwancinsa, Allah ya ji ƙansa. Takardarsu tana nan a bango, ta yi ja, ba wanda ya cire. Wannan da kike rubutawa, Talatin-da-Huɗu zai zo ya karɓa jibi, ya ce zai dinga karanta wa kowane sabo kafin ya ɗaure masa ido. Don haka ki sake duba wurin kantar nan, ki tabbata kin sa cewa da noti aka ɗaure ta, kuma kin sa wanda ya ce a ɗaure. Kwalin lemon ma kada ki cire shi.